Littafin Taurari da Ɗan Farin Iya

A gidanmu na Ajingi ɗakin Iya ne na ƙarshe, can kusa da rumbuna. Iya ita ta haifi mahaifina, kuma a hannunta na tashi. Da an gama kawar da amfanin gona, sanyi ya fara cizo, sai ta sa a tara mata kara da guntayen ice a bakin ƙofa. Bayan sallar lisha ta hura wuta a tsakiyar ɗaki, ta jawo kwandon gyaɗa, mu kewaye ta, ni da 'ya'yan Baffa Sule su uku, muna ɓara tana ba mu tatsuniya. Dokarta ɗaya ce: in hannunka ya tsaya, bakinta ma ya tsaya.

Ba ta da murya mai daɗi. A dushe take, ga yawan tari. Amma ta iya jan rai. Takan kai labari daidai inda kura ta sa hannu a ƙofa, sai ta yi shiru ta shiga gyara wuta kamar ta manta da mu, har sai ƙaraminmu ya kusa fashewa da kuka.

Mahaifina ba ya gidan. Ina da shekara uku ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa, shi da wasu samari daga wajenmu. Wasiƙa biyu ya aiko. Da aka daina yaƙi wasu suka dawo da ƙafafunsu, wasu aka kawo labarin rasuwarsu aka yi zaman makoki, shi kuwa shiru. Babu takarda, babu wanda ya ce na ga inda ya faɗi. Ƙanensa, Baffa Sule, ya je Kano ya je Kaduna, bai dawo da komai ba sai gajiya. Mahaifiyata ta jira iya jiran da shari'a ta ce, ta yi idda, ta sake aure a Kademi. Iya ba ta hana ta ba, da hannunta ma ta haɗa mata kaya. Amma duk wanda ya kawo zancen a yi wa ɗanta sadaka, amsa ɗaya yake samu: "Ba a yi wa matafiyi makoki." Ni ma a kan haka na tashi. In an tambaye ni a makaranta, cewa nake babana ya yi tafiya.

Ina aji shida na firamare littafin ya shigo gidanmu. Baffa Sule yana koyarwa a Gaya, ranar Juma'a yake dawowa a kan kekensa. An tura su wani kwas a Kano, abokai suka ja shi sinima, ya ga wani fim na Turawa na yaƙi a tsakanin taurari, ya dawo ba shi da zance sai shi. Kafin ya baro birni ya tsinci littafin fim ɗin a wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ya ce fim ɗin aka fara yi, sannan aka ɗauko wani marubuci aka ce ya mayar da shi littafi don a sayar wa waɗanda suka kalla. Ya ba ni shi tare da wani ƙaramin ƙamus, wai in ƙara Turanci kafin jarrabawar shiga sakandare.

Iya ta karɓa ta jujjuya bangon a hasken wuta.

"Uwani, wannan kifi ne ko kan gatari?"

"Jirgi ne, Iya. Tsakanin taurari yake tafiya."

"Da mutane a ciki?"

"Da mutane, kamar gari guda."

Ta miƙo mini shi. "To, shekara da shekaru ina ba ki labari. Yanzu ke za ki ba ni."

Haka aiki ya juya. Da rana in zauna da ƙamus in yi ta fama da shafi uku ko huɗu, in an hura wuta in juya musu da Hausa, inda ban gane ba in cike da abin da ya zo bakina.

Labarin wani ayarin jirage ne da suka ɗauko ƙanƙara daga wata duniya mai sanyi za su kai wa wata duniya da rijiyoyinta suka ƙafe. Tafiyar wata da watanni ce a cikin duhun da babu gabas babu yamma. A tsakani akwai wani matsattsen mashigi da wani azzalumin sarki ya tare da rundunarsa, yana so mutanen can su miƙa wuya ko ƙishirwa ta gama da su. Shugaban ayarin yana da wani suna da harshena ya kasa, Iya ta raɗa masa Madugu, sunan kuma ya zauna.

Ba zan ci amanar littafin ba, akwai abin da ya iya. Ya iya nisa. In yana bayanin yadda jirgi ke wuce rana ɗaya ya doshi wata, sai ka ji ɗakin ya yi mana faɗi, yaran su matso kusa da wuta. Akwai kuma wani babi da ruwan shan matafiyan ya yi ƙasa. Ga dutsen ƙanƙara suna ja a bayansu, amma amana ce, ba su da ikon taɓawa. Aka koma kowa moɗa ɗaya a yini. Wata tsohuwa mai gyaran injin jirgin takan jiƙa tsumma a nata rabon ta tsotsa, sauran ta ajiye wa masu zazzaɓi. A lokacin ba mu daɗe da fita daga babban farin nan ba, wanda shanu suka yi ta faɗuwa, matan unguwarmu suna kwana a bakin rijiya. Iya ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Wanda ya rubuta wannan wurin ya taɓa jin ƙishi." Sau biyu ta sa na maimaita mata. Da Baffa ya zo muka ba shi labari, ya ce shi bai ga wannan a fim ba, marubucin ne ya ƙara da kansa.

"Ashe inda aka sakar masa linzami ya fi iya tafiya," in ji Iya.

Amma ta fi kowa ganin ramukansa. Ta tambaye ni ko Madugu dogo ne ko gajere, na duba na duba, ba a faɗa ba. Baffa ya ce ai a sinima ana ganinsa. Ta ce, "To mu da ba mu je ba fa? Ya gayyace mu gidansa ya ƙi kunna fitila." Ta lura mutanen ciki ba sa gaisawa, mutum zai faɗo wa ɗan'uwansa da magana ba sallama ba ina kwana. Ranar da aka ritsa Madugu a wani lungu, makiya suka kewaye shi, muryata na rawa, sai ta yi dariya.

"Kwantar da hankalinki, wannan ba zai mutu ba. Masu shi suna da sauran aiki da shi."

Gaskiyarta kuwa. Wuta ta ci na damansa ta ci na hagunsa, shi ko hularsa ba ta karkace ba. Ta ce labarin da ka riga ka san wanda ba zai mutu ba, rabinsa ya zube a hanya.

Duk wannan cikin raha ake yi, har muka iso mashigin. Madugu ya ga babu yadda manyan jirage za su wuce sai an ɗauke hankalin rundunar sarki. Ya tura ƙananan jirage goma sha biyu su tare gaba. Na karanta layin, na juya shi yadda yake: jirage goma sha biyu suka fita, babu wanda ya dawo. Na buɗe shafi na gaba, ayari ya tsallake, ana rungumar juna ana kiɗa.

"Dakata," in ji Iya. "Koma baya."

Na koma.

"Su wa ke cikin jiragen?"

"Matuƙa ne, Iya. Sojojin Madugu."

"Na ji. Su wane ne?"

Na bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa. "Ba a faɗi sunansu ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"An je an nemo su?"

"Ba a faɗa ba."

Ta ture kwandon gyaɗar gefe. Sannan ta ce mu tattara ɓawon mu je mu kwanta, kanta na ciwo. Kwana uku ba ta hura wuta ba. Ni a wautata na ɗauka Hausata ce ta yi muni.

A rana ta huɗu ta kira mu. Na ɗauko littafin, ta ce in mayar. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ku ara mini kunnuwanku." Muka ce ta zo mu ji.

Ta ce a cikin jiragen nan goma sha biyu, na bakwai wani ɗan manomi ke tuƙa shi. Bahago ne, yana da wushirya, ba ya shan miyar kuɓewa ko da yunwa za ta kashe shi. Ba wani jarumi ba ne. Abokansa ne suka rubuta suna, ya ji kunyar a tafi a bar shi da mata. Da wuta ta sami jirginsa bai ƙone ba, fiffike ɗaya ya karye, ya yi ta juyawa da shi a cikin duhu har ya faɗa kan wata ƙaramar duniya mai jar ƙasa, mai itatuwa a cunkushe, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mutanen wurin talakawan azzalumin sarkin ne, ba sa jin harshensa, shi ma ba ya jin nasu.

A nan ta tsaya daren farko. Washegari ta ɗora. Wata tsohuwa ta je gonarta da sassafe ta same shi kwance a tsakanin kunyoyin shuka, cinyarsa a fashe. Ta ga kakinsa, ta san na abokan gaba ne. Ihu ɗaya za ta yi a zo a ƙarasa shi. Sai dai ita ma tana da ɗa, an ɗauke shi an kai wancan gefen yaƙin, ba ta san inda yake ba. Ta tsaya tana kallon yaron nan, shi yana kallonta. Sai ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa cinya, ta ja shi a kan tabarma har bukkarta, ta cire masa kakin ta binne a bayan ɗaki.

Dare uku Iya ta yi a cikin bukkar nan. Ta ba mu labarin abincin da tsohuwar ke ba shi, wanda bai taɓa gani ba, yana yamutsa fuska tana dungure masa kai. Ta ba mu labarin yadda yake gwada mata shukar gero da hannu tana dariya. In hadari ya yaye yakan ja jiki zuwa bakin ƙofa ya yi ta duban taurari, bai san wanne ne garinsu ba. 'Ya'yan Baffa sun fara gundura, don babu faɗa babu dodo. Ni kuwa na ƙara matsowa kusa da ita.

"Iya, gobe zai warke ya gyara jirginsa, ko?"

"Ɓara gyaɗarki."

Daren ƙarshe ta fara magana a hankali, ba ta ko tari. Ta ce ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya hau. Yaron ya san lokaci ya yi. Ya kira tsohuwar ya shiga nuna mata da hannu: ya shafi fuskarsa da hannayensa kamar mai wanka, ya jawo wani farin tsumma ya lulluɓa, ya kwanta a kan damansa, ya nuna wajen fitowar rana. Ba addininsu ɗaya ba, amma ta gane. Ta dafa ƙirjinta ta faɗi sunanta, sannan ta dafa nasa tana jira.

Iya ta ce, "Sai ya ce mata, Isiyaku."

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin wannan suna a bakinta ba, sai dai ta ce "babanki" ko "wancan". Na ji shi ya fito daga bakinta a hankali, kamar abin da aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati.

Ta ci gaba. Ta ce kafin gari ya waye ya cika. Tsohuwar ta ɗora ruwa ta yi masa wanka yadda ya nuna. Ta buɗe tukunyarta ta ciro farin ƙyallen da ta tanada domin ranar tata mutuwar, ta naɗe shi da shi. Ta haƙa rami ita kaɗai a gefen gonarta, ta kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa na duban gabas. Ta zauna a wurin har rana ta yi tsaka, tana maimaita sunan don kada ya ɓace mata.

Na ce, "Iya, ki gyara."

Ta tura kara cikin wuta.

"Labarinki ne, ke kika ƙirƙira. Ki tashe shi ya dawo gida."

"Ni ba masu sinima ba ce, Uwani. Ba ni da ikon riƙe shi." Ta sa hannu ta jawo kaina kan cinyarta. "An yi masa wanka. An rufe shi. Wata ta san sunansa. Wannan nake so ki riƙe."

Ba ta rufe tatsuniyar da kan ɓera ba, yadda ta saba. Ta dai bar wutar ta cinye kanta.

Ranar Juma'a, Baffa Sule bai ko jingine kekensa ba ta aika aka kira shi. Ina bayan ƙofa na ji ta ce ya je ya gaya wa liman za a yi wa ɗanta sadaka. Ashe duk shekara ana noma gonar mahaifina, tana sa a ware damman geronsa a wani ƙaramin rumbu, in kaka ta zagayo a fitar da tsoho a zuba sabo. Aka buɗe rumbun, matan gida suka kwana daka, aka yi gumba aka raba har unguwannin maƙwabta. Malamai suka taru a ƙofar gida aka yi addu'a. Mahaifiyata ta zo daga Kademi da goyo a bayanta, ta zauna kusa da Iya tsawon yini. Mata na wucewa suna shafa kaina suna cewa, "Allah ya raya marainiya." Ranar na fara jin wannan kalma a kaina.

Na yi fushi da Iya. Kwana biyu ban yi mata magana ba, in ta miƙo mini fura in kau da kai. A ganina ita ta kashe shi, da bakinta, a gabanmu. Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. A rana ta uku ta ce in zo in tsefe mata kai, na je, shi ke nan. Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Shekara ta zagayo na tafi makarantar kwana a Kano, ina aji biyu aka zo aka ɗauke ni, kafin mu iso Ajingi an riga an kai ta makwancinta.

Sai da na girma na ƙarasa littafin. Ruwa ya isa, an kori sarki, an rataya wa Madugu lambar yabo, aka bar ƙofa a buɗe domin fim na gaba. Jiragen nan goma sha biyu ba a sake ambatonsu ba. Na daɗe ina jin haushin marubucin. Yanzu na sassauta masa. An ba shi labarin wasu ne aka ce ya bi sawu, kuma a inda aka bar shi ya numfasa ya nuna yana da zuciya. Laifinsa dai shi ne laifin duk mai ba da labarin yaƙi daga wajen masu nasara: yana ƙirga waɗanda suka faɗi, ba ya kiransu. Amma ban manta ba, shi ya kawo wa Iya wuri mai nisan da ta iya haƙa kabarin da ta kasa haƙawa a Ajingi shekara goma. Ban kuma gane jar ƙasar nan da ruwan da ba ya ɗaukewa ba sai da aiki ya kai ni kudu. Matar da ba ta taɓa wuce Wudil ba, daga bakin sojojin da suka dawo ta tsinci ƙasar, ta kuma zaɓi ta ba ɗanta uwa daga cikin mutanen da ya je yaƙa.

Aikin jinya na yi har na yi ritaya. Asibitin da na fi daɗewa yana bakin babbar hanya, kuma akan kawo mana waɗanda mota ta kashe, wani lokaci babu takarda a aljihu, babu mai nema. In kwanaki suka cika sai hukuma ta ba da izini a binne. Abokan aikina sun san halina, har suna tsokanata. Kafin a fita da gawa nakan zauna in rubuta duk abin da idona ya gani: tsagar fuska, tabon ƙuna a gwiwar hannu, haƙorin da ya karye, launin hula. In mace ce, da hannuna nake mata wanka.

Wata rana wani dattijo ya zo daga wajen Balan, wata bakwai yana neman ƙanwarsa da ta fita unguwa ba ta dawo ba. Ya zaga asibitoci har takalminsa ya cinye. Na ɗauko littafina muka bi shafi shafi, har muka zo kan wata mai yatsa shida a hannun hagu da zane mai ruwan ganye. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago bai tambaye ni yadda ta mutu ba.

Ya ce, "Hajiya, an yi mata sutura?"

Na ce, "Ni na yi mata."

Ya gyaɗa kai, ya share fuskarsa da bakin riga. Na ɗauki biro na ce ya gaya mini sunanta. Ya faɗa, na rubuta a saman shafin.